Ɓatanci da Hukuncinsa: Ina Matsayin Ɗalibin Harshe a Wannan Muhawara?

1.0 Gabatarwa

A cikin watan Afrilu na shekarar 2025, lokacin da zafin bazara ya kai intaha, na shiga motar haya daga Nguru zuwa Gashuwa. Ba mu yi nisa ba direba ya kunna rediyo, sai ga labarin cewa Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a kan dokokin ɓatanci na Jihar Kano, inda ta ce sun saɓa wa yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam da Nijeriya ta sa wa hannu. Kafin mu kai Jajimaji mota ta kaure da musu. Wani dattijo da ke gidan gaba ya ce, "Ina ruwan wata kotu can da addininmu? Wanda ya taɓa Manzon Allah (SAW) hukuncinsa a rubuce yake." Wani matashi da ke kusa da ni, wanda ya ce shari'a yake karanta, ya amsa da ladabi, "Allah ya gafarta Malam, ai ba addinin kotun ta duba ba, dokar da majalisar jiha ta rubuta ce ta duba." Ana cikin haka wata mata mai kwandon bandar kifi, wadda tun da muka taso ba ta ce uffan ba, ta ce, "Ni dai tambayata ɗaya ce. Duk lokacin da aka ce wane ya yi ɓatanci, wa ya ji da kunnensa, kuma me ya ji?"

Ba wanda ya ba ta amsa har muka sauka a tasha. Wannan tambaya tata ita ce silar rubuta wannan muƙala. Manufata ita ce in warware wa 'yan'uwana ɗalibai zaren muhawarar, in nuna abin da malaman fiƙihu suka faɗa, da abin da dokokin ƙasa suka tanada, da kuma inda ilimin harshe ya shigo ciki. Ni ba mufti ba ne, ba kuma lauya ba. Ɗalibin harshe ne, kuma ɓatanci laifi ne da ake aikatawa da harshe.

2.0 Tambayoyi Uku da Ake Cakuɗawa

Abin da na lura da shi a motar nan, kuma na sha ganinsa a majalisu da zauruka, shi ne tambayoyi uku ne daban-daban ake dunƙulewa a mayar da su ɗaya. Ta farko: shin zagin Annabi (SAW) laifi ne? A nan babu jayayya tsakanin Musulmi, babban laifi ne mai fitar da mutum daga addini. Ta biyu: mene ne hukuncinsa a duniya, kuma ana karɓar tuban wanda ya yi? A nan malamai sun yi magana mai faɗi, kuma sun saɓa a wasu sassa. Ta uku: wa ke da ikon tabbatar da cewa an yi laifin, da zartar da hukuncin? A nan ma littattafan fiƙihu sun yi ittifaƙi cewa aikin alƙali da shugaba ne.

Illar cakuɗa su ita ce, idan mutum ya yi tambaya a kan ta biyu ko ta uku, sai a ɗauka ta farko yake musu. Shi ya sa mutane da yawa suke kama bakinsu ko da sun ga ana shirin yin ɓarna.

3.0 Abin da Littattafan Fiƙihu Suka Tanada

Ƙasar Hausa da ta Barno mazhabar Malikiyya suke bi tun ƙarnoni masu yawa, kuma wannan mazhaba tana cikin masu tsanani a wannan mas'ala. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, ya nuna cewa Musulmin da ya zagi Manzon Allah (SAW) kisa ne hukuncinsa, kuma tuba ba ta kare shi daga haddin. Duk almajirin da ya yi nisa a karatun zaure a Nguru ko Gashuwa ya san wannan wuri.

Sai dai littafin da ya fi faɗaɗa bayani shi ne Ashafa na Alƙali Iyal, wanda ya rasu a 1149, wato littafin nan da ake karantawa a masallatai da gidajen malamai da azumi da watan Mauludi. A kashinsa na ƙarshe malamin ya karkasa maganar da ake tuhuma zuwa fuskoki bakwai. Akwai wanda ya yi zagi ƙarara da gangan. Akwai wanda ya furta kalmar zagi ƙarara ya ce jahilci ne ko ɓacin rai, wanda malamin bai karɓi uzurinsa ba. Akwai kuma wanda ya faɗi magana mai harshen damo, wadda za ta iya komawa kan Annabi (SAW) ko kan waninsa, kuma a nan ya kawo saɓanin malamai. Akwai mawaƙi ko mai magana da ya kwatanta kansa ko ubangidansa da annabawa don ƙawata zance, wanda hukuncinsa horo ne da ɗauri. Akwai kuma wanda ya hakaito maganar wani, wanda hukuncinsa ya danganta da manufarsa: mai ba da shaida a gaban alƙali wajibi ya sauke, mai yayatawa don jin daɗi kuwa ya yi haramun. Har ila yau malamin ya nuna cewa idan shaida ba ta cika ba, kamar a ce mutum ɗaya ne ya shaida, ko tarkacen jama'a waɗanda ba a tabbatar da adalcinsu ba, to kisa ya faɗi, saura abin da alƙali ya gani na ladabtarwa.

Mai karatu zai lura cewa yawancin wannan rabe-rabe nazarin harshe ne tsagwaronsa: mene ne lafazin, ina ya dosa, a wane muhalli aka faɗe shi, kuma maganar mai maganar ce ko ta wani ce ya ɗauko.

A sauran mazhabobi akwai bambanci. Ibn Taimiyya ya rubuta Assarimul Maslul a wajejen 1294 yana ƙarfafa ra'ayin kisa ba tare da jiran tuba ba. Taƙiyyuddin Assubki, Bashafi'e, ya karkata ga karɓar tuban Musulmin da ya tuba. Ibn Abidin, babban malamin Hanafiyya da ya rasu a 1836, ya rubuta risala ta musamman yana nuna cewa asalin mazhabarsu shi ne a ɗauki laifin a matsayin ridda, wadda ake karɓar tuban mai ita. Daga cikin masana na wannan zamani kuma akwai masu cewa Alƙur'ani bai ambaci haddi na duniya a kan wannan laifi ba, suna kafa hujja da aya ta 140 a Suratun Nisa'i, wadda ta umarci muminai su ƙaurace wa majalisar da ake izgili da ayoyin Allah. Masu ɗaya ra'ayin suna mayar musu da martani da hadisai da aikin magabata. Abin nufi dai shi ne muhawarar ta girmi zuwan Turawa, kuma a cikin gida aka fara ta.

4.0 Abin da Dokokin Nijeriya Suka Tanada

Dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, ta tanadi a sashe na 210 cewa wanda ya ci zarafin wani addini a bainar jama'a ta yadda zai iya jawo tashin hankali, za a ɗaure shi har zuwa shekara 2, ko tara, ko duka biyun. A Kudu ma sashe na 204 na dokar manyan laifuffuka ya tanadi ɗaurin shekara 2. Waɗannan dokoki kowane addini suke karewa, kuma damuwarsu ita ce zaman lafiyar gari.

A ranar 27 ga Oktoban 1999 Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, daga nan wasu jihohi 11 suka bi wannan hanya, har da Yobe a zamanin Gwamna Bukar Abba Ibrahim. Kowace jiha da irin tata dokar, kuma ba su zo iri ɗaya ba. Wadda ta fi shahara a wannan batu ita ce ta Kano ta shekarar 2000, domin sashe na 382(b) ya tanadi kisa ga Musulmin da ya ci zarafin Alƙur'ani ko wani daga cikin annabawa.

A saman waɗannan duka akwai Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 38 ya ba da 'yancin addini, na 39 ya ba da 'yancin faɗar albarkacin baki, na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, shi kuma na 45 ya yarda a taƙaita wasu 'yanci domin kare zaman lafiya da tarbiyyar jama'a da haƙƙin wasu. Masu adawa da dokokin ɓatanci suna riƙe da sashe na 10 da 38 da 39, masu goyon baya suna riƙe da na 45, tare da cewa majalisun da jama'a suka zaɓa ne suka yi dokokin, kuma Musulmi kaɗai dokokin shari'a suka shafa.

5.0 Shari'un da Suka Tayar da Muhawara

A ranar 10 ga Agustan 2020 Babbar Kotun Shari'ar Musulunci da ke Hausawa Filin Hoki a Kano ta yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif Aminu hukuncin kisa a kan wata waƙa da ta yaɗu a WhatsApp. Kotun ta kuma yanke wa wani yaro mai shekara 13 ɗaurin shekara 10. A Janairun 2021 Babbar Kotun Jihar Kano ta sallami yaron saboda ƙarancin shekaru, ta kuma soke hukuncin mawaƙin ta ce a sake shari'a, domin an yi ta farko ba shi da lauya. A Agustan 2022 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da umarnin sake shari'ar da rinjayen alƙalai 2 a kan 1, daga nan lauyoyinsa suka garzaya Kotun Ƙoli suna ƙalubalantar dokar kanta.

Shari'ar Shaikh Abduljabbar Nasiru Kabara ta fi kowace kusa da fagenmu. Shi dai ya tsaya a kan cewa hadisai yake fassarawa domin ya nuna abin da yake ganin bai dace da darajar Annabi (SAW) ba. Malaman da suka ja da shi kuwa suka ce lafuzzan da ya furta da Hausa babu su a nassin Larabci, shi ya ƙirƙire su. An yi muƙabala a Kano ranar 10 ga Yulin 2021 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Salisu Shehu, wanda ya bayyana cewa malamin bai amsa tambayoyin da aka yi masa ba. A ranar 15 ga Disamban 2022 kotun Ƙofar Kudu ta yanke masa hukuncin kisa, ya kuma ɗaukaka ƙara. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, zai yarda cewa gundarin rigimar shi ne ina fassara ta tsaya, ina ƙarin mai fassara ya fara.

Shi kuwa Mubarak Bala, wanda ya bar addini, Babbar Kotun Jihar Kano ce ta yanke masa ɗaurin shekara 24 a Afrilun 2022 bisa dokar Final Kod, kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage shi zuwa shekara 5 a 2024. Sai kuma hukuncin Kotun ECOWAS na 9 ga Afrilun 2025, wanda ya ce sashe na 210 ya yi faɗi har mutum ba zai iya sanin iyakar abin da aka hana ba, sashe na 382(b) kuma hukuncinsa ya zarce ƙima. Wannan ne labarin da muka ji a mota.

6.0 Hukuncin Titi

Tun daga 2000 ba a zartar wa kowa da hukuncin kisa na kotu a kan ɓatanci ba a Nijeriya, domin akwai matakan ɗaukaka ƙara, kuma sai gwamna ya sa hannu. Amma a titi rayuka sun salwanta. An kashe Gideon Akaluka a Kano a Disamban 1994. Fiye da mutum 200 sun mutu a Kaduna a Nuwamban 2002 bayan rubutun jaridar ThisDay kan gasar sarauniyar kyau. An kashe Bridget Agbahime a kasuwar Ƙofar Wambai a Yunin 2016, da Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato ranar 12 ga Mayun 2022, kisan da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya yi Allah wadai da shi. A Yunin 2023 kuma aka kashe Usman Buda, mahauci Musulmi, a mahautar Sakkwato.

Masu goyon bayan dokar kisa suna cewa rashin zartar da hukunci ne ke sa jama'a ɗaukar doka a hannunsu. Masu adawa suna cewa dokar ce ke sa mutane ganin jinin wanda aka zarga ya halatta tun kafin a je kotu, suna kuma misali da Pakistan. A can, sashe na 295-C da aka shigar a 1986 zamanin Janar Ziya'ul Haƙ ya tanadi kisa, amma hakan bai hana kashe gomman mutane a titi ba, har da Gwamnan Punjab Salman Taseer a Janairun 2011.

Akwai wata shari'a da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. A ranar 14 ga Yulin 1999 jita-jita ta bazu a ƙauyukan Randali da Kardi da ke Jihar Kebbi cewa wani mai suna Abdullahi Alhaji Umaru ya zagi Annabi (SAW). Wasu mutane suka kama shi, ɗaya daga cikinsu ya karanto musu hukuncin da ke cikin Risala, suka yanka shi. Kotu ta yanke musu hukuncin kisa, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a 2007 a shari'ar Abubakar Ɗan Shalla. Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, masanin shari'ar Musulunci wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, bai musa abin da ke cikin Risala ba. Abin da ya bayyana shi ne Musulunci ya ɗora tabbatar da laifi da zartar da hukunci a kan kotu da hukuma, ba a kan ɗaiɗaikun mutane ba. Mutanen nan da jita-jita suka yi aiki, suka zama masu ƙara, suka zama shaidu, suka zama alƙalai a lokaci guda.

7.0 Inda Ɗalibin Harshe Ya Shigo

Yanzu bari mu koma ga tambayar mai bandar kifi. Nguru gari ne da jirgin ƙasa ya iso tun 1930 ya tara masa jama'a daga ko'ina: Mangawa da sauran Barebari, da Hausawa, da Fulani, da Badawa, da 'yan Kudu. Gashuwa kuma hedikwatar masarautar Bade ce, inda harshen Badanci ke zaune kafaɗa da kafaɗa da Hausa. A kasuwannin garuruwan nan biyu Hausa ce ke haɗa kowa, amma ga mutane da yawa ita ce harshe na biyu ko na uku. Wannan yana da tasiri a kan abin da kunne ke ji.

Alal misali, Barbarci ba ya bambanta jinsin namiji da tamace a wakilin suna, don haka Babarbaren da bai goge da Hausa ba yana iya cewa "ta ce" alhali namiji yake nufi. A bakin Bakano wannan na iya zama cin fuska, a bakin wancan kuwa tasirin harshen uwa ne kurum. Haka kuma duk wanda ya zauna a Nguru ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, inda ake jifan juna da maganganun da baƙo zai rantse faɗa ake yi. Kalmomin na zagi ne, ma'anar kuwa zumunci ce.

A cikin Hausar kanta akwai gatse, inda uwa za ta ce wa ɗanta "ci gaba da wasa da wutar" tana nufin ya bari. Akwai habaici da shaguɓe, waɗanda ba a ambaton wanda ake nufi. Akwai bambancin "ya faɗa" da "ya faɗa?", wanda hawa da saukar murya kaɗai ke nunawa. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa "fari" a takarda zai iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko farkon abu. Sannan ga 'yar ƙaramar kalmar nan "wai", wadda ke nuna mai magana ji ya yi ba gani ba. A bakin mutum na farko "wai wane ya ce" ake faɗa, kafin labari ya kai bakin na biyar "wai" ta faɗi a hanya, ya koma "wane ya ce". A zamanin wayar hannu abin ya ƙaru, domin ana iya yanko daƙiƙa 30 daga karatun awa guda a watsa, a bar abin da ya gabata da abin da ya biyo baya.

Ba ina cewa duk zargin ɓatanci rashin fahimta ba ne. Akwai maganganun da suke ƙarara, ba su karɓar tawili. Abin da nake cewa shi ne ba a rarrabe ƙarara da mai harshen damo a tsakiyar kasuwa ana ihu. Aiki ne na zama, da sauraren magana daga farko har ƙarshe, da tambayar mai ita abin da yake nufi, da tantance shaidu. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta yi umarni da bincika labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci a dawo ana nadama, kuma ƙa'ida ce sananniya a fiƙihu cewa shubuha tana tunkuɗe haddi. Shi ma Tsarin Mulki a sashe na 36 ya ba wanda ake tuhuma damar kare kansa ko ɗaukar lauya, da samun tafinta kyauta idan bai fahimci harshen kotu ba. Wannan tafinta, da mai rubuta abin da ke cikin faifan murya, da mai fassara shi zuwa Ingilishi don kotun sama, daga cikinmu za su fito. Kalma ɗaya da aka ƙara ko aka rage a wannan aiki tana iya zama ran mutum.

8.0 Kammalawa

Muhawara a kan ko dokar kisa za ta tsaya ko za a sauya ta tana hannun malamai da 'yan majalisa da kotuna, kuma mutanen kirki masu ƙaunar Annabi (SAW) suna iya saɓawa a kanta kamar yadda magabata suka saɓa a kan karɓar tuba. Amma akwai abin da ke hannunmu tun yanzu. Idan aka turo mana faifan murya an ce ga ɓatanci, kada mu tura wa na gaba, domin mun ga matsayin mai yayatawa a wurin Alƙali Iyal. Idan aka kawo mana labari, mu tambayi mai kawowa ko da kunnensa ya ji, da wane harshe aka yi maganar, kuma me aka faɗa kafin nan. Idan abin ya tabbata, a kai shi gaban hukuma. Idan kuma wata rana aka kira ɗayanmu ya yi tafinta ko fassara a irin wannan shari'a, ya faɗi abin da aka faɗa daidai, ba ragi ba ƙari, ko da jama'ar da ke bakin kotu wani abu suke son ji. Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, kuma wannan ya hau kan mai zagi, ya hau kan mai zargi. Allah ya kiyaye harsunanmu, ya ƙara mana ƙaunar Manzonsa (SAW) da bin koyarwarsa ta adalci, amin.